Gusum Ko Gabas? Hakkin Sashen Hausa A Kan Kurakuran Manhajar 'Yan Koyo

Gabatarwa

Abu ne sananne cewa duk ɗalibin da ya fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni, ba ya daɗewa malaminsa zai ɗora masa aikin ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin wasa. Irin wannan wasa ba shi da hoto, ba shi da sauti. Baƙin allo ne kawai, inda kwamfuta za ta rubuta tambaya, mai wasa ya buga amsa, ita kuma ta duba amsar ta yanke abin da za ta yi. Idan an hango aikin daga nesa sai a ga kamar ba shi da wuya, alhali kuwa a nan ne ɗalibai da dama ke fara sanin kwana zaune. Wurare biyu ne suka fi ba su wahala: wurin karɓar abin da mai wasa ya buga, da wurin rarraba shi zuwa ga aikin da ya dace.

An saba ɗaukar waɗannan kurakurai a matsayin matsalar sashen kimiyyar kwamfuta, wadda ba ruwan ɗalibin Hausa da ita. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kansa shi ne, da zarar an ce da Hausa za a yi wasan, to rabin matsalar ta tashi daga hannun masu lissafi ta dawo hannun masu nazarin harshe. Idan kuwa sashen Hausa ya naɗe hannu, za a wayi gari na'ura tana gaya wa Bahaushe cewa Hausarsa kuskure ce. Domin a ga abin a fili, za a ɗauki misali daga ƙasar Alƙalawa, watau yankin Sabon Birni da Isa.

Dalilin Zaɓar Ƙasar Alƙalawa

Alƙalawa ita ce babban birnin Gobir tun daga tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, har zuwa shekarar 1808 da mayaƙan jihadi suka ci ta a ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Bello, aka kashe Sarki Yunfa. Kufanta yana nan a kusa da Gulbin Rima, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo suka ja iyaka, sai Tsibiri ta faɗa ƙasar Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa ta Ingila.

Wannan tarihi ya bar gado a bakin mutane da kuma a alƙalaminsu. Hausarsu ta yamma ce, ta sha bamban da daidaitacciyar Hausa wadda aka gina a kan karin Kano. Rubutunsu kuma iri biyu ne ko uku. Wanda ya yi makaranta a Isa zai rubuta 'ya'ya da hamza, ɗan'uwansa na Maraɗi zai rubuta ƴaƴa da ƙugiya, wani kuma wanda Faransanci ya rinjaya zai rubuta "ou" a wurin "u", da "tch" a wurin "c", kamar yadda ake gani a sunayen garuruwa irin su Madaoua da Tchadoua. Saboda haka duk manhajar da ta iya sauraron mutumin wannan yanki ba tare da ta rikice ba, ta yi nisa wajen sauraron sauran Hausawa.

Wasan Dara A Kan Baƙin Allo

A ƙaddara wani ɗalibi ɗan Sabon Birni ya zaɓi dara ta zama wasansa na farko, ya rubuta ta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972, kuma har yau ana koyar da shi. Dara tana da gurbi talatin, layi biyar kowane da gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wani da tsakuwa wani da tsinke. Bayan an gama dasa su, sai a riƙa gusa ɗa guda zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Ba a tafiya a karkace, don haka fuska huɗu ce kawai: gabas, yamma, kudu da arewa.

Ɗalibin zai ba gurabun lamba daga 1 zuwa 30, ya faro daga kusurwar arewa maso yamma. Gusawa gabas ƙarin ɗaya ne, yamma ragin ɗaya, kudu ƙarin shida, arewa ragin shida. Domin rarraba umarnin sai ya yi amfani da abin da harshen C ke kira switch, wanda za a iya kiransa mararraba da Hausa:

switch (umarni) {
case 'g': gurbi = gurbi + 1; break;
case 'y': gurbi = gurbi - 1; break;
case 'k': gurbi = gurbi + 6; break;
case 'a': gurbi = gurbi - 6; break;
default: printf("Ban gane ba");
}

Kowane case hanya ce guda a mararrabar. Kalmar break shinge ce da ke hana matafiyi zarcewa zuwa hanyar da ke gaba. Ita kuwa default ƙofar baƙo ce, nan ake tura duk abin da ba a gane ba.

Kuskure Na Farko: Baƙon Da Aka Manta A Zaure

Abin da mutum ya buga a allon madannai ba ya isa ga manhaja kai tsaye. Yana taruwa ne a wani wurin jira, kamar yadda baƙi ke zama a zaure, sai an danna maɓallin Enter sa'an nan a yi musu iso. Abin da ɗan koyo bai sani ba shi ne, shi ma Enter ɗin baƙo ne. Yana shiga zauren a matsayin alamar sabon layi, lambarsa 10.

Manhajar za ta tambayi lambar gurbi, mai wasa ya buga 14 ya danna Enter. Umarnin scanf da aka aika ya ɗauko lamba zai ɗauki 1 da 4, ya bar alamar sabon layi zaune. Sai manhajar ta tambayi fuskar da za a gusa, ta aika a ɗauko harafi guda. Ɗan aiken ba zai jira mai wasa ba, tun da ya tarar da wani a zaure. Zai ɗauko alamar sabon layin nan ya kai mararraba, ita kuma ta duba ta ga ba g ba ce, ba y ba, ba k ba, ba a ba, sai ta tura ta ƙofar baƙo. Mai wasa bai taɓa kome ba, amma allo ya ce masa "Ban gane ba".

Akwai ƙanen wannan kuskure wanda ya fi shi muni. Idan an nemi lamba, mai wasa ya rubuta "biyar" da haruffa, scanf ba zai ɗauki kome ba, kuma ba zai share zauren ba. Manhajar za ta sake tambaya, ta sake tarar da "biyar" yana nan, ta sake ƙi, haka za ta yi ta zagayawa allo yana cika da rubutu har sai an kashe ta da ƙarfi. Maganin duka biyun guda ne: a shigo da layin gaba ɗaya da umarnin fgets, a share zaure, sa'an nan a zauna a duba abin da aka kawo a tsanake. Ruwaya ta nuna cewa Alƙalawa ta samo sunanta ne daga alƙalan Zamfara da suka zauna a wurin. To, ko a shari'a, alƙali ba ya yanke hukunci da jin harafin farko na da'awa. Sai mai ƙara ya kai aya.

Kuskure Na Biyu: Shingen Da Ba A Kafa Ba

A harshen C, idan aka shiga hanya guda a mararraba ba a tarar da break ba, to za a zarce ne a aikata abin da ke hanya ta gaba, da ta gaba da ita, har ƙarshe. A duba abin da zai faru idan ɗalibin nan ya manta da shingayensa duka huɗu. Wanda ya ce gabas, za a ƙara masa ɗaya, a rage ɗaya, a ƙara shida, a rage shida, ɗansa ya dawo inda yake. Wanda ya ce kudu, za a ƙara shida a rage shida, shi ma bai motsa ba. Amma wanda ya ce yamma, za a rage ɗaya, a ƙara shida, a rage shida, ya sauka daidai inda ya nufa. Haka ma wanda ya ce arewa. Ke nan fuska biyu suna aiki, biyu sun ƙi, kuma kowa sai ya sha "Ban gane ba" a ƙarshe. Ɗalibi zai ɓata dare yana tuhumar lissafin gabas da kudu, alhali lissafinsu lafiya lau yake.

Kada a ɗauka wannan tuntuɓen yara ne kawai. Ranar 15 ga Janairu, 1990, layukan wayar nesa na kamfanin AT&T a Amurka sun rikice har kimanin awa tara, na'urorin haɗa kira 114 suna ta faɗuwa suna tashi, suna kayar da juna. Da aka bincika sai aka tarar da break guda da aka ajiye ba a muhallinta ba, cikin wata mararraba a manhajar da aka rubuta da C. Sababbin harsuna irin su Go da Swift sun juya ƙa'idar, a cikinsu ba a zarcewa sai mai rubutu ya nema da kansa.

Waɗannan kurakurai biyu na kowa ne, Bature da Bahaushe duka suna faɗa musu, kuma malamin kwamfuta ya isa ya warware su. Na gaba su ne ba zai iya shi kaɗai ba.

Kuskure Na Uku: Ƙugiya Da Hamza

Tsarin ASCII, wanda ya fito a 1963, ya ba alamomi 128 lamba, kuma an yi shi ne domin Ingilishi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a cikinsa. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991, da hanyar rubuta shi ta UTF-8 wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, sa'an nan haruffan nan suka sami tabbataccen mazauni. Amma a UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya yana cin bayit biyu, alhali k ko g bayit ɗaya ke ɗaukarsu. Sunan Alƙalawa haruffa takwas ne a idon mai karatu, amma idan aka sa umarnin strlen ya ƙirga shi zai ce tara.

Ga inda gizo ke saƙar. Harafin k lambarsa 107. Harafin ƙ kuwa lambobinsa 198 da 153, na ƴ 198 da 180, na ɓ 201 da 147, na ɗ 201 da 151. Manhajar da ke ɗaukar bayit guda ta kai mararraba ba za ta bambance ƙ da ƴ ba, domin duka da 198 suka fara. Ba za ta bambance "ɗauke" da "ɓoye" ba, domin duka da 201 suka fara. Bugu da ƙari, bayit na biyu yana nan a zaure, shi za a ɗauka a matsayin umarni na gaba. Manyan haruffan Ɓ da Ɗ kuma da 198 suke farawa, watau sun bar danginsu sun koma gidan ƙ. Umarnin toupper, wanda ke mai da ƙaramin harafi babba, yakan wuce su bai taɓa su ba.

Hamza ma tana da nata rikici. Akwai miƙaƙƙiya ta ASCII mai lamba 39, akwai mai lanƙwasa wadda wayoyi da manhajojin rubutu ke sakawa da kansu, ita bayit uku take ci, akwai kuma ta uku da aka keɓe wa harsunan da hamza ke cikin haruffansu, mai bayit biyu. Mutum uku za su rubuta "a'a", ido ya ga abu guda, na'ura ta ga abu uku. Idan kuma harafin farko kawai ake dubawa, wanda ya ce a'a sai a gusa ɗansa arewa.

Dabarar da 'yan koyo suka fi gudu zuwa gare ta ita ce a cire ƙugiya baki ɗaya. Ɗalibin Hausa na shekarar farko ya san abin da wannan ke haifarwa: baki ya haɗu da baƙi, kasa da ƙasa, bata da ɓata, kura da ƙura. A cikin darar kanta "dasa" da "ɗauke" za su faɗa hanya guda, kuma su ne ayyuka biyu da suka fi nisa da juna a wasan. An yi shekaru ana gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da hamza a gefensa kafin ƙugiya ta zauna a shekarun 1930, aka buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ita a Zariya, aka kuma sake zama a kan ƙa'idojin rubutun a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Bai kamata a zubar da wannan wahala domin sauƙin ɗan koyo ba.

Kuskure Na Huɗu: Karin Harshe

A ƙaddara ɗalibin ya gyara duk abin da ya gabata, ya kai wasansa gida lokacin hutu, ya miƙa wa wani dattijo gwanin dara. Dattijon yana son gusa ɗansa kudu, sai ya ce a rubuta masa "gusum", domin haka ake kiran wannan fuska a Hausar yamma. Manhaja ta ga g, ta tura ɗan gabas. Ba ta ce ba ta gane ba. Ta gane ne a karkace, ta aikata, dara ta ci gida. Wannan ya fi kowane kuskure haɗari, domin ba ya ihu.

Haka nan idan an keɓe f domin "fita" da "fara", an keɓe h domin "hagu". Bagobiri "hita" yake cewa, da "hwara", hagu kuma "hauni". Wanda ke son barin wasa sai ya ga ɗansa ya karkata hagu. Idan an koya wa manhaja "biyar" da "shida", shi "biyat" da "shidda" zai kawo. Ɗan'uwansa na Gidan Rumji kuma yana iya rubuta "koudou". Ko a daidaitacciyar Hausa ma, ts da sh kowane sauti guda ne mai haruffa biyu, don haka "tsaya" za ta yi karo da "tafi", "shiga" ta yi karo da "sama".

Mararrabar C ba ta karɓar kalma, lamba ko harafi guda kawai take ɗauka. Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a kafa jadawali tsakanin zaure da mararraba. A jera kalmomi a gefe guda, lambar aiki a ɗaya gefen: kudu, gusum da koudou duka su nuna lamba 3, fita da hita su nuna lamba 9. A shigo da layi, a daidaita hamza, a mai da manyan haruffa ƙanana, a nemo kalmar a jadawali, sa'an nan a miƙa wa mararraba lamba. Harsuna irin su Java, tun daga 2011, da Python, tun daga 2021, suna barin a sa kalma kai tsaye a mararraba, amma wannan bai canza kome ba. Dole dai wani ya zauna ya faɗi kalmomin da za a jera, da waɗanda ma'anarsu ɗaya ce, da waɗanda suka yi kama amma suka saɓa. Wannan jadawali ƙaramin ƙamus ne na kare-karen harshe. Aikin sashen Hausa ne tun ran gini tun ran zane.

Amsa Ga Masu Suka

Za a sami masu cewa ai hanya mafi sauƙi ita ce a jera wa mai wasa zaɓi da lambobi: 1 gabas, 2 yamma, 3 kudu, 4 arewa. Gaskiya ne wannan yana aiki, kuma ga darasin makon farko ba laifi. Amma kauce wa matsala ne, ba warware ta ba. Ɗalibin da ya rubuta wasan dara bana, shi ne gobe zai rubuta manhajar rajistar marasa lafiya ko ta rabon takin zamani, inda ba makawa sai an buga sunan mutum da na garinsu. Idan bai koyi riƙon ƙugiya a wasa ba, zai koya a kan wata Ɗahara ko wani Ɗanlami da aka nemi sunansa aka rasa, don an rubuta shi iri biyu.

Za a kuma sami malamai masu kishin daidaitacciyar Hausa, waɗanda za su ce karɓar "hita" da "gusum" rusa ƙa'ida ne, kuma ya kamata na'ura ta zama malama mai gyara. Wannan suka tana da nauyi, domin ba a sami ƙa'idar nan da arha ba. Amsar ita ce a raba tsakanin kunnen na'ura da bakinta. Jon Postel, ɗaya daga cikin magina intanet, ya shimfiɗa wata ƙa'ida a 1980 wadda ma'anarta ita ce manhaja ta tsananta wa kanta a abin da take fitarwa, ta sassauta a abin da take karɓa. Idan dattijo ya ce gusum, a gusa ɗansa, allo kuma ya rubuta "An gusa kudu". Ta haka ya ga daidaitacciyar kalma ba tare da an kunyata shi ba. Malamin kirki a aji ma haka yake yi. Sassaucin nan kuma yana da iyaka: inda kalma ta ɗauki ma'ana biyu, kamar wanda ya buga g kaɗai, kada na'ura ta yi kirdado. Ta tambaya: gabas ko gusum?

Masu suka na uku su ne masu cewa ɗalibin Hausa ba shi da lokacin koyon lissafin na'ura, ga nahawu ga adabi ga al'ada. Ba a ce ya zama injiniya ba. Wanda ya iya rarrabe ƙwayar sauti da takwarorinta, ya iya zana bishiyar jimla, ba zai gagara fahimtar hanya huɗu da ƙofar baƙo ba. Hasali ma aikin iri ɗaya ne: a tattaro siffofi mabambanta a mai da su ga asali guda.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, sashen Hausa ya ɗauki tattara kalmomin umarni a matsayin aikin kundin digiri: fuskoki, lambobi, amsa da musu, farawa da tsayawa, kowace da siffofinta a Gobir, Zamfara, Katsina, Kano, Damagaram da sauransu. Rashin tsaro ya sa shiga ƙauyukan Sabon Birni da Isa ya yi wuya a shekarun nan, amma 'ya'yan yankin suna nan a jami'o'in Sakkwato, su ma majiya ce.

Na biyu, a zauna da sashen kwamfuta a kan keɓaɓɓun kalmomi. Akwai abin koyi a ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990. Zaure, mararraba, shinge da ƙofar baƙo shawara ce kawai, a tankaɗe su a rairaye, a ɗauki mai kyau a zubar da tsaki. Ɗalibin da aka ce masa akwai baƙo a zaure zai riƙe darasin fiye da wanda aka haddace wa kalmar da ba ta da hoto a zuciyarsa.

Na uku, a koyar da bin sawun kuskure da takarda da alƙalami. Dabarar ba ta da tsada: a sa manhaja ta buga lambar duk abin da ta karɓa. Wanda ya ga 10 ya san Enter ne, wanda ya ga 198 da 153 ya san ƙ ce ta rabu biyu. Sa'an nan a zana jadawalin gwaji, a bi kowace hanya ta mararraba da hannu, a rubuta abin da ake tsammani da abin da ya fito. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Ɗalibin da ya dogara da tambayar intanet a kan kowane kuskure, a irin wannan lokaci karatunsa ya tsaya. Wanda ya iya bin sawu da kansa kuwa, baƙin allo ba ya bukatar layi.

Na huɗu, a gyara abin da ake rubutawa a ƙofar baƙo. "Ban gane ba" kora ce. Ya fi kyau allo ya maimaita abin da ya ji, ya kuma faɗi abin da yake jira: "An rubuta kaza, ana jiran gabas, yamma, kudu ko arewa." A kuma riƙa ajiye kalmomin da suka faɗa wannan ƙofa, domin kowace daga cikinsu ko dai kuskuren yatsa ce, ko kuwa Hausa ce da jadawali bai sani ba. Ta biyun nan kayan bincike ce ga mai nazarin kare-kare.

Na biyar, kada a ba wata manhajar Hausa maki sai masu kari daban-daban sun gwada ta. Bakano ba zai taɓa buga "hita" ba, don haka ba zai taɓa gano wannan rami ba kome ƙwarewarsa.

Kammalawa

An nuna cewa daga cikin kurakurai huɗu da ke addabar wasan ɗan koyo, biyu na na'ura ne, biyu na harshe. Alamar sabon layi da aka manta da shingen da ba a kafa ba, littattafan C sun daɗe da bayyana su. Amma babu littafin C da zai gaya wa ɗalibi cewa gusum kudu ne, ko cewa ɗ da ɓ sun haɗa bayit na farko kuma duka suna buɗe kalmomin da mai wasa zai buga. Wannan ilmi yana sashen Hausa, a cikin kundaye da ƙamusoshi da kawunan malamai. Idan ba a fito da shi aka kai wa masu rubuta manhaja ba, za su ci gaba da rubutawa da abin da suka sani, su cire ƙugiya, su rufe wa karin yamma ƙofa, ba don ƙeta ba sai don babu wanda ya nuna musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wasan farko na ɗan koyo shi ne ɗanyen iccen. Ya rage ga malamai su buɗe wannan fage a manhajar karatu, ga ɗalibai kuma su ƙetara zuwa sashen maƙwabta su nemi abokin aiki tun kafin lokacin zaɓen batun kundi ya zo.